Gurasar Ta-Agadas da Jakin Kawu Nomau

Bakina cike da gurasa matar nan ta damƙe mani wuyan riga. Ban ko haɗiye ba ta fara kiran ƴan unguwa su zo su ga ɓarawo. Wai ni ne ɓarawo, ni da na yi sallama, na zauna, na yi bisimilla da ƙarfi kowa na ji. Kafin in buɗe baki an kwance jakin daga gindin tsamiya an ja shi cikin gida. Jakin nan kuwa ba nawa ba ne, na Kawu Nomau ne, shi ke ja mamu guga a rijiya. Bari in ɗauko maku tun daga farko, don na ji yadda ake juya maganar nan a Dakoro.

Dakoro zuwa Ɗan Gulbi

Mun tashi tun gamzaki na sama. Kawu ya ɗora mani cuku da man shanu in kai Tsibiri in musanyo gero. Ba da son ranshi ya ba ni jakin ba. Ya ce tun da na aje allo bai ga na zauna wuri guda har inuwa ta juya ba, amma duk yawon da zan yi, jaki ya dawo kafin tabki ya ƙafe. In ya ƙafe sai rijiya, kun kuma san zurfinta.

Na bi ayarin Agali, wani Buzu mai kai cuku kudu, don mutum ɗaya ba ya bin hanyar nan saboda mahara. Mun kwana daji, kashegari da la'asar munka shiga Ɗan Gulbi. Ƙofar gidan farko, ga ƙwaryar fura a inuwa da ludayi bisa. Munka zauna munka shanye. Mai gidan ya fito, tambayarshi ɗaya ce: ta ishe mu ko a damo wata? Haka na sani tun ina ƙarami. Abin da anka aje waje, a inuwa, na mai wucewa ne.

Ɗan Gulbi zuwa Tsibiri

Yashi da ƙarangiya, ba wani abin faɗi. A ƙofar ganuwa wani dogari ya sa hannu cikin kayana ya zari cuku mafi girma, ya ce na sarki ne, ya kuma fara ci ina kallo. Na haɗiye wannan. Agali ya wuce kasuwa, ni kuwa wani ƙamshi ya ja ni cikin lungu, ƙamshin da ban taɓa ji ba, ba na masa ba, ba na tuwo ba.

Can na ga wata tsohuwa, ana ce mata Ta-Agadas don can ta yi zaman aure. Tana da wata babbar tukunya binne cikin ƙasa, wuta a ciki, tanderu sunanta. Sai ta faɗaɗa ƙullun alkama a tafin hannu, ta zura hannun har kafaɗa, ta manna shi jikin tukunyar. Jim kaɗan ta ɓamɓaro shi ya kumbura, bayanshi ja. Ta cika faifai, ta fito da shi ƙofar gida, ta aje a inuwa, ta koma.

To ku faɗa mani, ku da kun ga haka mi za ku ce? Na ce kai, mutanen birni sun san darajar baƙo. Gaskiya abin da daɗi: waje ƙamas, ciki laushi, ga ɗan tsami-tsami. Na buɗe man Kawu na shafa. Waɗanda sunka ƙone na miƙa ma jaki, shi ma bai ƙi ba. Ina cikin haka ta fito da faifai na biyu.

Gaban mai unguwa

Ashe don su huce take fitar da su. Ashe kuma na walima ne, ɗan mai unguwa ya sauke karatu. Wato wanda anka kai ni gabanshi shari'a, gurasarshi na ci. Na yi mashi bayanin yadda ake yi a garinmu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko a garinmu in anka shanya riga a waje, ita ma ta baƙo ce. Mutane sunka yi dariya. Na ce a ɗauki cuku a maimako. Ta-Agadas ta ce malamai ba cuku anka gayyato su ci ba, alkamar nan kuwa bisa raƙumi ta zo, ba a bayan gida ake yankar ta ba.

Na ce to a sakar mani jaki, shi mi ya yi?

"Ɗan nan, ka duba gemunshi," in ji ta. "Shi ma ya ci."

Hukunci: ni da jaki mu yi mata aiki har a gama walima, don kwanaki ake ɗauka ana gasa gurasarta. Agali ya zo ya ji, ya ce shi ayari ba ya jira, sai ya sake zagayowa.

Aikin tanderu

Na niƙa alkama har tafina ya yi kanta. Ranar da ta sa ni manna ƙullu, gashin hannuna ya tafi gaba ɗaya, gurasar kuma ta faɗa cikin garwashi. Ta ce hannuna kamar na mai tatsar raƙuma. Daga baya na gane sai an jiƙa hannu, a manna da sauri kamar mari. Har ta daina tsayawa kaina, ko da yake ba ta taɓa cewa na iya ba.

Duk wannan na jure. Abin da ya ƙona mani rai, jakin. Kullum a kora shi fadama ɗauko itace, ba ko akumari a bayanshi. Na yi magana, anka ce baƙo da laifi ba ya da baki. Ranar walima anka ba ni gurasa ɗaya, mai unguwa ya ce wannan kam sadaka ce, in ci da kwanciyar rai. Jakin kuwa bayanshi ya riga ya buɗe da miki.

Komawa gida

Da anka sallame mu na kai sauran kayan kasuwa, munka biyo Agali da ya zagayo. Geron da na musanyo rabi a kaina ya zo, don ba na iya ɗora ma dabbar duka. Alhamdu lillahi mun iso da rai, amma tabki ya zama laka. Kawu ya duba bayan jaki. Da safe ya kai ni rijiya ya ɗaura mani igiyar guga a ƙugu. Yanzu haka ni ke ja, jaki na inuwa yana kallo, mata na kora ni kamar jaki, suna ce mani "kur".

Da Agali zai sake yin kudu na ba shi saƙo, na sa ya maimaita har ya riƙe:

"Ka gaya ma Inna Ta-Agadas, jakin da ta ɓata ni ke yin aikinshi, kuma ban yafe ba. Ta dinga sa tsumma bisa faifanta, don mutanen kirki su san ba nasu ba ne. Sannan in ruwa ya sauka anka kwance mani igiya, ina nan tafe da ƙafa. Kar ta ba kowa gurbina a bakin tanderun nan."