Kiran Safe Bayan Rasuwar Malam Musaddiƙ

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga watan Yuli, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Musaddiƙ Lauwali a Kazaure, bayan 'yar gajeruwar jinya. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma da hannuna na zuba ƙasa. Ina maimaita wannan ne don in tabbatar wa kaina, saboda washegari da safe na ji muryarsa yana yi mini sallama.

Sunana Abdulnasir Maikasuwa. Ni ne ke zama a ɗakin karɓar kiran gaggawa, inda rediyon oba-oba na 'yan kwana-kwana da na 'yan sintiri da na direbobin motar asibiti suke haɗuwa, daga Kazaure har Roni da Gwiwa da Babura. Malam Musaddiƙ shi ne mai kula da na'urorin baki ɗaya: dogon ƙarfen da ke kan dutse, da batura, da farantan sola, da kowace rediyo da aka damƙa a hannun mutum. Ni magana nake yi, shi kuma shi ne dalilin da ya sa ake ji na.

Malam, bari in juyo gare ka, don ban saba yin maganarka a bayan idonka ba.

Lokacin da aka kawo sababbin na'urori masu aiki da kwamfuta, an nuna mana cewa an huta da kiran safe, wato bin kowa a rediyo don a tabbatar yana nan. Kowace rediyo tana da ɗigonta a fuskar kwamfutar: kore in tana aiki, ja in ta mutu. Ka daɗe kana kallon ɗigogin nan, sannan ka ce, "Wannan ta gaya mini rediyo na da rai. Mai riƙe da ita fa?" Sai ka naɗi muryarka a cikin na'urar, kana sallama, kana kiran kowane wuri da sunan mai riƙe da rediyonsa, kana barin ɗan sarari don ya amsa. Kullum da safe, bayan an fito daga masallaci gari ya waye, muryar take tashi da kanta, ko kana gida ko kana bisa dutse. Kai kuma kana saurare da taka rediyon. In kowa ya amsa, sai ka danna ka faɗa da bakinka, "Na ji ku duka. A kama aiki." Wannan kaɗai ce ba ka naɗa ba. In kuwa wani ya yi shiru, ba ka cewa komai, sai dai mu ji tashin babur.

Mun sha yi maka tsiya a kan haka. Mun ce man da kake ƙonawa ya fi ƙarfin aikin, don sau da yawa in ka je sai ka tarar mutum barci ne ya kwashe shi, ko yana bayan gida. Tsiyar ta ƙare ne ranar da Ɗayyabu, ɗan sintirin Kanya Babba, bai amsa ba alhali ɗigonsa kore ne shar. Ka same shi kwance shi kaɗai a ɗaki, zazzaɓi ya kayar da shi, rediyon tana kusa da kansa amma hannu ya kasa kaiwa. A bayanka ka ɗaure shi da rawani ka kai shi asibiti. Ɗayyabu yana nan da ransa, shi ya fi kowa kuka a maƙabarta.

Faɗa kuwa kana da shi, Allah Ya yafe maka. Wanda duk ka kama yana cajin waya da batirin rediyo ya san sauran. In mutanen Roni suka hau layi suna tambayar na Gwiwa ko an yi ruwa a wajensu, sai ka shigo da tsawa: "Layin gaggawa ne wannan, ba dandali ba!" A yi tsit. Can sai a ji ka a hankali, "To, ya sauka sosai kuwa?" Kana da gonar gero a hanyar Gwiwa, kowa ya sani. Na sha ganinka kana hawan dutsen nan da jarkar ruwa da tsumma don wanke kashin tsuntsaye daga kan farantan sola, gwiwarka na ciwo, kana yi wa tsuntsayen nasiha kamar suna jin Hausa.

To, Malam, ga halin da ka bar mu a ciki. Babu wanda ya tuna da muryar nan ranar jana'iza. Safiyar Laraba ina zaune ina kallon kujerarka sai kawai na ji, "Assalamu alaikum, Kazaure ke kira." Shayin da ke hannuna ya zube. Ka kira 'yan kwana-kwana, shiru. Ka kira Roni, wani ya amsa da "Allah Ya jiƙanka." Direban motar asibitin Babura, wanda labari bai kai masa ba, ya amsa da fara'arsa har yana tambayar ya jiki. Da sunayen suka ƙare sai aka zo wurin da kake cewa ka ji mu duka. Na san kowa ya kasa kunne. Ni ma kunnen na kasa, kamar wawa, alhali na san inda na baro ka.

Daga ranar komai ya rikice mini. Wasu suka ce ba za su iya amsa sallamar mamaci ba, tsigar jikinsu tashi take. Wasu suka ce ai sallama sallama ce, dole a amsa. Na tambayi limamin unguwarmu, ya shafa gemu, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da irin wannan tambaya ba, amma mu yawaita yi maka addu'a. Ni kuma abin da ya hana ni sukuni daban ne. Damina ta kankama, rafuka sun fara kawo ruwa, kuma na daina gane ma'anar shiru. In mutum bai amsa ba, baƙin ciki ne, ko tsoro, ko kuwa yana can kwance irin kwanciyar Ɗayyabu?

Injiniyan da na kira a waya ya ce cire muryar ba wani aiki ba ne, in ba shi izini kawai. Wa ya ba ni izinin da zan bayar? Na je gidanka don in karɓo rediyonka, in kuma ji ta bakin maiɗakinka, Malama Mu'minat. Daga bayan labule ta ce, "Malam Abdulnasir, ni ma ban san abin da nake so ba. In ya yi magana ina kuka. In na tuna ranar da zai daina, kukan ya fi yawa." Na dawo ban karɓo rediyon ba.

Na bi mutane ta waya ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, har suka koma amsawa, kowa da irin tasa. Saura mutum ɗaya: Ardo Haladu, dattijon da ke riƙe da rediyon rugagen da ke bayan Gwiwa, inda waya ba ta shiga. Tun rasuwarka bai ce uffan ba, shi da kan riga kowa da "Jam, lafiya lau." Ɗigonsa kore. Na ce alhini ne. Na ce wataƙila ya tafi da shanu. Ranar da aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kira sunansa aka sake jin shiru, sai na kasa zama. Na ari babur, ni da ban iya tuƙi a taɓo ba. Na faɗi a hanya, na tura shi a rafi ruwa har cinya, ina ta saƙe-saƙen abin da zan tarar.

Na same shi zaune a kan buzu a ƙofar bukka, lafiyarsa ƙalau, rediyon a kan cinyarsa a kunne. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Baffa, lafiya kuke ƙin amsawa? Kun ɗaga mana hankali."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ga taɓon da ke jikina. Ya ce, "Zauna, ɗana. Ni ba murya nake amsa wa ba. Da can in na amsa, na san akwai wanda zai taso in ban amsa ba. Da aka ce ya rasu, sai na ce bari in yi shiru in gani, ko da shi aka binne tasowar." Ya share ido da gefen rawani. "Ka makara. Shi da tuni ya iso. Amma ka zo."

Ya sa aka kawo mini nono da fura. Ban iya sha ba sai da na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Har yau ban san abin da ya dace a yi da muryarka ba, Malam. Na bar wa iyalinka, in sun gama takaba su yanke. Amma washegarin zuwana Gwiwa, da ka kira Ardo Haladu, ya amsa da "Jam." Sunaye suka ƙare, sararin nan ya buɗe, na danna rediyo na ce, "Na ji ku duka. A kama aiki." Ban faɗe ta da kyau kamar kai ba. An dai kama aikin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Mu'minat, da 'ya'yanka Bahijja da Muhsin, da 'yan'uwa, da duk mai riƙe da rediyo daga Kazaure zuwa Babura. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari, Ya shirya zuriyarka.

Ya Allah, bawanKa Musaddiƙ bai taɓa jin shirun mutum ya juya baya ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka ba shi ikon amsa tambaya, kada Ka bar shi shi kaɗai. Amin.