Farantin Rusni a Gidan Bu Tumini

Rusni ba ta tauna gudeg. Ni kaɗai na lura da haka a teburin gidan hayarmu na ɗalibai mata a birnin Jogja, wataƙila don bakina ba ya yawan aiki, idona ne ke yawo. Takan ɗebo cokali guda ta haɗiye kamar magani, ta kora da ruwa, sannan ta ɗago ta yi wa mai gidan, Bu Tumini, wato Mama Tumini, murmushi.

Daga Pattani ta zo, can kudancin Thailand, tana karatun haɗa magunguna. 'Yar firit ce, ga sauri ga dariya. A bakin masu babur ɗin haya ta koyi yarenmu, shi ya sa in tana ciniki a kasuwar safiyar Lahadi sai ka rantse wani ƙato ne ke magana. Ita ke goya ni a babur zuwa bakin teku, ta bi da ni lungunan da ni 'yar gari ban san da su ba. Zaƙi ne kawai ya gagare ta. Mu nan ko shayi ka ce a kawo, da sukarinsa zai zo. Gudeg kuwa ɗanyen nangka ne, wani ƙaton ɗan itace, da ake dafawa da madarar kwakwa da mazarƙwaila har ya yi jawur. Su can yaji da tsami suka sani.

A gidansu Rusni, barin ƙwayar shinkafa a faranti abin faɗa ne. A wurin Bu Tumini kuma, wanda ya ƙoshi yakan rage ɗan kaɗan a gefe, wanda ya suɗe faranti ƙari yake nema. Rusni ta cinye don ladabi, Bu ta ƙara don ladabi, kullum haka.

"Ku dubi 'yar mutane," in ji Bu, tana harararmu. "Ta fi ku sanin abinci. Miƙo farantin, Nduk." Haka take kiran kowaccenmu, wato 'yata.

Da aka ce mahaifiyar Rusni za ta zo ganinta, Bu ta yi shelar za ta dafa gudeg a babbar tukunya, har maƙwabta ta gayyato. Rusni ta faɗo ɗakina ko takalmi ba ta cire ba.

"Mbak Laras, yayata, na shiga uku! Uwata ba ta iya ɓoye fuska ba. Cokali ɗaya za ta ci ta tambaya wa ya zuba alewa a shinkafa. A gaban maƙwabta! Sannan ta tona min asiri, ta ce ni da ko ayaba nake cewa ta cika zaƙi."

"To ki faɗa wa Bu mana."

"Bayan duk tukwanen da na cinye? Ke ce 'yar gari. Ku kuka iya cewa a'a ba tare da kun ce a'a ba. Je ki."

Na je. Na zauna a kicin ina ɓare tafarnuwa, na fara da zancen ruwan sama, na bi ta ciwon gwiwar Bu, can na ce a hankali, "Bu, baƙo fa harshensa kan yi kewar gida."

Bu ta jinjina kai. "Na gane, Nduk. Allah sarki."

Ranar sai da aka cika wa Rusni faranti har yana zuba, aka ɗora ƙwai a kai, wai don ta manta kewa. Ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Washegari Rusni ta roƙi Bu aron kicin. Ta yi miyar kifi irin ta garinsu, da tsamiya da barkono, har kyanwar gidan ta fice tana atishawa. Bu ta zauna a mazaunin baƙuwa, ta ci, gumi ya karyo mata.

"Da daɗi," ta ce da ƙyar, ta tura rabi gefe.

"A garinmu ba a rage shinkafa, Bu. Sai an cinye."

Bu ta dubi farantin, ta jawo kofin ruwa kusa. Cokali, ruwa. Cokali, ruwa. Tana gamawa Rusni ta ɗago ludayi.

"A garinku kuma, wanda ya suɗe..."

Bu ta rufe farantin da hannu biyu. Ta dubi kofin, ta dubi Rusni. Ni dai na sunkuyar da kai.

"Ke ja'ira! Haka nawa yake miki?"

"Kunyarki nake ji, Bu."

"Ni kuma ina ta cika baki a unguwa, wai na samu 'yar da ta fi 'yan gari." Ta share ido da gefen zani, ban san ko barkono ne ba. Sai kuma dariya ta ƙwace mata. "Uwarki za ta ci soyayyar kaza da yaji. Gudeg na maƙwabta ne. Ke kuwa an hana ki, ko kin yi kuka."

"Ko ɗanɗano, Bu?"

"Tashi ki ba ni wuri, makira."

Da la'asar Rusni ta aro tsintsiyata, ta fito da katifarta ta shanya a rana, tana ta bugunta da sanda, tana shirin saukar mahaifiyarta.