Kwalaben Kawu Sule

Duk wanda ya san Kawu Sule a Kwanyawa ya san aljihunsa ba ya rabuwa da kwalabe biyu da ƙullin bular wanki. Bular ma ta matarsa ce, Inna Hajara, da ta gaji da ɓoyewa ta sallama masa.

Ni na jawo abin. Wata damina na yi feshin maganin ciyawa da hantsi, da la'asar aka kece da ruwa, kashegari kifin rafin da ke ƙasan gonakinmu ya taso ciki sama, kwaɗi suka yi tsit. Ɗan ƙanwarsa ne ni, amma sati guda Kawu bai amsa gaisuwata ba. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Audu, kifi ne ya tsiro maka a cikin gyaɗa?"

Tsohon malamin gona ne, sai ya lashi takobi sai an samo yadda magani zai riƙa fita kaɗan-kaɗan, kada ruwa ɗaya ya kwashe shi ya kai rafi. Ba ya wasa da guba, bula ce madadinta. Ya kwaɓa ta da yumɓu da garin gawayi, ya mulmula ƙanana ya shanya. Kwalba ɗaya ya zuba bula tsura, ruwa ya rine nan take. Ɗayar ya jefa mulmulen, launi ya yi ta tsatsowa har kwana uku. Ɗaurin aure, suna, kai har zaman makoki, sai ka ga ya zaro kwalabe. Liman ya taɓa roƙonsa don Allah ya bari a shafa fatiha tukuna.

Rannan abokin wasansa Malam Bawa ya tarar da mulmulen a faifai, ya ɗauka maganin basir ne, ya tauna biyu. Ya zo da shuɗin harshe, ido ya raina fata. Kawu ya leƙa bakin da kyau, ya ce, "Kwantar da hankalinka, Bawa, a hankali zai riƙa fita. Ka dai riƙa zuwa kullum ina dubawa."

Da wasu malaman jami'a suka zo neman gonar gwada maganin ciyawa mai narkewa sannu-sannu, da faɗa ya tarbe su, wai ina suka shige tuntuni suka bar shi da bular mata. Ya gama faɗan ya ba su gonarsa ta bakin rafi. Ya bi mu gida-gida har muka yarda mu shiga gwajin, kowa kuma ya bar ciyawar gaɓa yadda take. Ni da na tsaya gardama, tankin feshina ya ɗauke ya rataye a ɗakinsa, ya ce in zo in karɓa ranar da kwaɗi suka yi kuka.

Kawu ya rasu da bazara, bai ga damina ba. Bana, bayan ruwa na uku, na gangara rafi gab da magariba, sai na ji ko'ina ya ɗauka da kukan kwaɗi. Wallahi zama na yi a gaɓa na yi ta hawaye.

Da na kai wa Inna Hajara labari, ta shiga ɗakinsa ta sauko da tankin, ta haɗa mini da kwalaben. Ta ce, "Da zai dawo ya ji, da na yafe masa bular har abada."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara.