Sakatar Malam Tanko

Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in zabura. Inna ta ce in yawaita addu'a, ina kuwa yi, amma da na rufe ido muryar kakata nake nema, Iya Delu, Allah ya ji ƙanta.

Lokacin sanyi, bayan isha'i, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Yawanci tatsuniya ce. Amma in ta miƙe ƙafa ta ce, "Yau babu ta zo mu ji ta, wannan da idona na gani," mun san labarin babanta ne, Malam Tanko masassaƙi.

Sassaƙa gadon gidansu ce tun kaka da kakanni: turmi, akushi, kujerar mata. Sai aka shiga shekarun fari, damina biyu a jere ba a kai komai rumbu ba. "Wa zai sayi turmi alhali babu abin dakawa?" in ji Iya. "Dusa muke ci da tafasa. Gizagon Baba har tsatsa ya yi."

Ana cikin haka sai ga Nomau, dattijon Kiristocin ƙauyen tsallaken rafi. Sun gina coci na ƙasa, ba ƙyaure, awaki na kwana ciki. Ya ce a yi musu ƙyaure, su ba da dawa. Gari ya ɗauki surutu, wai mai salla zai yi wa coci aiki. Malam Tanko ya ce, "Maƙwabcina ne ya kira ni, kuma 'ya'yana na kwana da yunwa." Ya ɗauki gatarinsa.

Kirya ya sara, icen da gara ba ta ci. Da ya kafa ƙyauren sai ya fara feƙe wani gungume, don a gidansu ba a sallama ƙofa sai da sakatar ciki. A nan Iya kan kumbura murya ta zama Nomau: "Malam, ɗakin addu'a ne fa. Wa zai kulle kansa a ciki? Kwaɗo daga waje ya isa." Sai ta sassauta ta zama babanta: "Kwaɗo kaya yake tsarewa. Ni ubana don mutum ya koya mini ƙofa." Kwana biyu ya ƙara yana aikin da ba wanda ya sa shi, ciki ba komai.

Nakan ce, "Iya, ashe taurin kan naki gado ne."

"Ja can, 'yar boko, ke da ko muciya ba ki iya riƙewa ba."

Har yau in sun yi godiyar kaka a cocin sukan ambaci sunansa, su aiko gidanmu da damin dawa. Ni na ɗauka kara ce kawai irin ta manya.

Waccan Talatar, ina dawowa daga kasuwa da la'asar, na ji harbi da rugugin babura. Na faɗa cikin dawa da gudu, takalmi ya tafi, mayafi ya tafi. Ban ankara ba sai ga ni a ƙofar cocin. Ban taɓa shiga ba, sai na ja na tsaya. Wata tsohuwa, Ladi, ta fizgo ni ciki, inda mata da yara suka cunkushe. Mata biyu suka ciccibi gungumen sakatar suka zura. Aka daki ƙyauren daga waje, aka sake duka, ƙasa na zubo mana a ka. Icen ya yi ƙara, bai karye ba. Maharan suka gaji suka wuce.

Da ƙura ta lafa Ladi ta ce, "'Yata, ke ta gidan wa ce?" Na faɗa mata. Ta kama hannuna ta ɗora a kan sakatar, na ji sawun gizago a tafina. "Tun ina yarinya take jingine a lungu," ta ce. "Ba a taɓa saka ta ba sai yau."

Da ina jin labarin a bakin wuta, dariya nake wa tsohon da ya wahalar da kansa a banza. Ya rasu bai ga an rufe ta ko sau ɗaya ba, bai kuma san wadda yake feƙe wa icen ba. Babana ya daɗe da barin sassaƙa, gizagon yana rataye a rumbu. Jiya da safe na roƙe shi ya sauko da shi. Bai tambaye ni dalili ba, ya ce in kawo masa dutsen wasawa.