Ranar da Cikin Sanmu Ya Kumbura

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa tana iya gwiwa, sa ɗaya ya rage mana, shi ma na tarayya ne tsakanin Baba da ƙanensa, Baffa. Shi ke ja mana garma. Ran kasuwar Bici ya tsinke igiya ya faɗa gona, ya cika ciki da dawar nan da fari ya ƙona. Kowane manomi ya san guba ce. Kafin azahar cikinsa ya yi tim kamar ganga, ya faɗi yana nishi, harshe waje.

Lokacin ina sabon magidanci, ni na danne ƙaho. Baba ya fito da basillar ɗinkin buhu.

"Riƙe min shi da kyau. A kwiɓin hagu ake hudawa, iska ta fita, cikin ya sace."

Sai ga Baffa da wuƙa.

"Yaya, wannan ya gama. A yanka tun da sauran ransa."

"In ka yanka, da me za mu yi noma baɗi? Da haƙoranka?"

"Baɗi? Yau ɗin nan dusa 'ya'yana suka ci!"

Baffa ya durƙusa wajen wuya. Baba ya shure shi a ƙirji. Ya tashi ya shaƙo Baba, suka zube kan kunyoyin gona suna birgima, dattawa biyu masu furfura. Baba ya gwara masa kai, leɓensa ya fashe. Baffa ya ɗaga wuƙa, Baba ya tare da abin da ke hannunsa. Basillar ta shige tafin Baffa ta ɓullo ta baya.

Ina ta ihu, "Ku huda ko ku yanka! Ku yi ɗaya!" Ba wanda ya ji ni. A hannuna san ya miƙe ƙafa, wuyan ya saki.

Mushe. Ba noma, ba nama. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman tsaba, mu muka ja sa guda muka yar a bayan gari. Da rana ta dafa shi cikin ya fashe don kansa, wari ya iso har tsakar gida.

Hannun Baffa bai ƙara damƙar fartanya ba. Da damina ta zagayo, ni na nome gonaki biyu da hannu, tasa da tamu. Har yau bayana bai miƙe ba, kuma ba wanda ya ce min sannu.