Hannun da Ya Ƙi Sauka

Duk wanda ya zauna a Rikkos kafin gidaje su cinye bakin rafi ya san Hammajoda. Dogon Bafulatani ne, siriri, mai ƙarancin magana, kuma ban taɓa jin ya ce wash ba. Ni maƙwabciyarsu ce, dangar kara ce kawai tsakaninmu, a wajen matarsa Aisatu nake sayen nono. Ya zo Jos yana saurayi da garken mahaifinsa, bayansa duk tabon bulalar sharo, wasan nan da samarin Fulani ke dukan juna ba a yarda wanda ake duka ya ko motsa ba. Shanun suka yi ta raguwa a hannunsa. Ciwon huhu ya kwashi wasu, wasu suka zurma tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, wasu aka kai kara, kasuwar shanu, aka sayar saboda hatsi. Lokacin da na san shi saura guda ɗaya tak, fara mai baƙin kunne, ana ce mata Wule. Daga tsatson saniyar da aka ba shi ranar sunansa ta fito.

Mutumin da zai wuni bai ce wa ɗan Adam kalma goma ba, sai ka ji shi a bayan gida yana zuba wa saniya hira da Fulatanci, yana cire mata kaska. Mukan yi masa tsiya a kan haka, ya yi kamar bai ji ba.

Da daminar shekarar saba'in da takwas Wule ta daina tuƙa. Takan tsaya ta gantsare baya, in za ta kwanta sai ta yi nishi, nono kuma ya ja baya. Ya ba ta kanwa, ya ba ta sassaƙe, babu canji. Kowa ya ce a kai ta asibitin dabbobi, ya ƙi, kuma mun san dalili. Ya sha ganin an duba saniya an ce wa mai ita ya yanka tun ba ta zama mushe ba. Wannan maganar ce ba ya son wani ya faɗa masa.

Aisatu ce ta nemo Chollom daga Tudun Wada. Shi Chollom ya yi shekaru yana kula da karnuka da dawakin wata Baturiya a gidajen ma'aikatan kuza, a wajenta ya koyi abin da mutane suka sa wa suna gwajin hannu. Mai dabba zai ɗora hannu ɗaya a jikinta, ya miƙe ɗayan, shi kuma Chollom ya danna da yatsu biyu. In hannun ya tsaya, wai wurin da aka taɓa lafiya yake. In ya yi laushi ya sauka, a nan ciwon yake. Ni dai har gobe ban yarda hannun mutum ya san cikin saniya ba, na kuma faɗa masa. Dariya ya yi. Mutumin kirki ne, ba ya hana kowa zuwa asibiti, shi ma yakan raka.

Ranar da ya zo, unguwa ta cika gidan. Ga mu mata a jikin danga, ga 'yan kallo, har da Jika, wani mahauci daga Kwararafa da ya ji labarin saniya ba lafiya ya zo wai gaisuwa.

"Baba, ni ba likita ba ne," in ji Chollom da irin Hausarsa. "Saniya ba ya iya magana, kai ne za ka yi masa magana da hannu. In hannu ya faɗi, gobe mu samu mota mu kai shi asibiti. Kada ka yi kokawa da ni fa. Ka bar hannu ya yi abin da yake so."

A nan aka yi kuskuren, kuma har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Yaya za ka tsayar da mutumin da aka raina a kan cewa nuna gazawa abin kunya ne, a gaban mata, a gaban mahauci, ka ce ya bari a sauke masa hannu da yatsu biyu?

Hammajoda ya ɗora tafinsa a wuyan Wule, Chollom ya danna, hannu ya tsaya. Ya mayar da tafin kan ƙafarta, hannu ya tsaya. Ya kai ƙasan ƙirjinta, wajen farkon ciki, saniyar ta yi wani ɗan nishi. Ina kusa, na ga jijiyar wuyan Hammajoda ta tashi, na ga yatsun ƙafarsa sun nutse cikin taɓo, ga gumi a goshinsa cikin sanyin nan na Jos. Chollom ya danna, ya sake dannawa. Hannun yana nan kamar taɓarya.

Chollom ya dube shi. "Baba, bari Mama ya gwada."

"Ai ta ba da amsa," in ji Hammajoda. "Lafiyarta ƙalau. Sauyin ciyawa ne."

"Duk da haka ka kai shi asibiti."

"To, madalla. Mun gode."

Bai kai ta ba. Aisatu ta yi magana, na yi, ya ce ai a gabanmu aka gwada. Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, Wule ta kwanta ta kasa tashi. Aka yi gudu aka kira Jika, ya samu ya yanka tana da sauran numfashi. Hammajoda bai tsaya ba, ya shiga ɗaki ya saki labule. Da aka fede aka tarar da guntun waya, irin wadda ke zube a tsofaffin wuraren haƙar kuza, ta huda tumbi ta nufi zuciya. Aisatu ta yi kuka a kafaɗata har zanena ya jiƙe. Shi ko da ya fito idonsa a bushe, har yana yi wa masu jaje sannu da zuwa. Na ji haushinsa ranar, tausayinsa kuma ya hana ni cin abinci.

Daga nan ya koma kara yana kora wa fatake shanunsu, ba ya kiran ko ɗaya da suna. Ya rame, ya ƙara yin shiru.

Bayan kaka Chollom ya dawo gaishe shi, don abin ya tsaya masa a rai. Ina tsakar gidan ina taya Aisatu tsince gero, suna zaune a tabarma.

"Baba, ka yafe mini. Gwajina bai gani ba."

Hammajoda ya girgiza kai.

"Ya gani," ya ce. "Tun da na taɓa ƙirjinta hannun ya mutu. Ni na riƙe shi."

"Ko da ka sake, Baba, waya ya riga ya shiga. Wataƙila likita ma ba zai iya ba."

"Wataƙila." Ya juya fuska wajen danga don kada mu ga idonsa, amma mun gani. "Tun tana maraƙa take ciyar da gidan nan, ba ta taɓa neman komai a wajena ba. Sau ɗaya aka ce in yi magana a madadinta, na ce lafiyarta ƙalau."