Kwalbar Humra a Kowane Ƙunshi

Siddiƙa 'yata ce ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Yanzu da ta rasu nake rubuta shi, kuma hannu ya fi baki ƙarfin hali.

Da ciwon sikila aka haife ta. Ta gama karatu da ƙyar, zango a makaranta, zango a gadon asibiti. Aikin ofis bai yiwu ba. Yawancin yininta a ɗakinta take yinsa, kusa da tagar da ke kallon bishiyar darbejiya, ƙafafunta cikin safa ko da ana zafi. A nan ta buɗe shago.

Babu kaya a shagon, ko ƙyalle. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Alhaji Kalilu, shi ke turo mata hotunan atamfa da leshi da mayafai. Ta sa su a shafinta da nata farashin. In mace ta zaɓa ta biya, sai Siddiƙa ta tura wa Alhaji sunan da garin, shi kuma ya ƙunshe ya kai tasha ya ba direba. Kayan su tashi daga Kano zuwa Gusau ko Azare ko Zariya, ba su taɓa sauka a gidanmu na Daura ba.

Ƙanena Jafaru, mai sayar da tumaki, ya kasa gane abin.

"'Yar gidana, ina shagon naki yake ne? In je in sa albarka."

"Kana cikinsa, Kawu. Ka ma taka mini leshi."

Ya ɗaga ƙafa da sauri ya duba ƙasa, ta yi ta dariya har da riƙe ƙirji.

"To ke me kike sayarwa, iska?"

"Kai da kake tsayawa tsakanin mai rago da mai saye a Mai'adua, ragon naka ne?"

"Amma ni ina shafa bayansa!"

Wannan maganar ta zauna mata. Da yamma ta ce da ni, "Umma, Kawu ya yi gaskiya. Ko mai ƙuli-ƙuli tana yin gyara. Ni mutane suna saye a wurina, babu abin da ya fito daga hannuna."

Daga nan ta fara haɗa humra. Kakarta ta koya mata tun tana ƙarama: a soya farce, a daka sandal, a zuba miski, a rufe a ajiye a duhu har ya nuna. Ta ƙara wani abu nata da ba ta taɓa faɗa mini ba. Takan ɗura a 'yan ƙananan kwalabe kamar ɗan yatsa, ta cika kwali, ta aika wa Alhaji Kalilu a motar Kano. Sharaɗinta ɗaya ne: kowane ƙunshi a sa kwalba guda a tsakiyar kayan. Alhaji ya ce wannan ɓarnar riba ce. Ta ce gyara ne.

Takan kwanta ta lumshe ido tana bin kayan. "Yanzu sun wuce Wudil," in ji ta. "Direban ya tsaya shan rake." Ba ta taɓa zuwa Wudil ba. Garuruwan da jikinta ya hana ta, ta san su ta sunayen tashoshi da muryoyin matan da ke turo godiya. Wani lokaci na kan tsaya a bakin ƙofa in ga kamar ɗakin ne ke tafiya, da gadon da tagar da inuwar darbejiyar, a hankali, kan titin da ban sani ba.

Ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Da aka share makoki na shiga ɗakin ina neman ƙamshinta. An wanke komai, an yi sadaka da tufafin. Kwalin humra na ƙarshe kuwa ta riga ta aika Kano. Ban sami ko ɗigo ba, kuma ban san yadda ake haɗa irin nata ba.

Sai Alhaji Kalilu ya kira wayarta, na ɗauka. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce akwai aiki ɗaya da ya rage: wata Murjanatu, ungozoma a Mai'adua, ta zaɓi atamfa kafin Siddiƙa ta kwanta.

"Hajiya, kwalba ɗaya ce ta saura. Na ce ko in aiko miki ita. Matar ba za ta sani ba."

Ina son kwalbar nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

"Ta saba saye a wurinta?" na tambaya.

"Ta daɗe."

"To za ta duba tsakiyar kayan. Alhaji, ka sa mata. Haka mai shagon ta ce."

Na ajiye wayar. Da yammar ranar na zauna a gadonta na gwada bin kayan kamar yadda take yi. Na ga sun fito daga Kano, sun wuce Kazaure, sun ratsa ta cikin Daura, kusa da gidanmu, ba su tsaya ba.

Bayan 'yan makonni, ina tsince shinkafa a tsakar gida, sai ƙamshin ya shigo ta zaure kafin sallama. Ban ɗaga kai ba. Na bar hannuna cikin faifan, na bar kaina na yarda, na ɗan lokaci, cewa ta dawo daga wata tafiya.

Doguwar mace ce, da ƙurar babur a gefen mayafinta. Ta durƙusa ta ce ita ce Murjanatu, sai jiya ta ji labari. Ba ta taɓa ganin fuskar Siddiƙa ba, murya kawai. Ta yi addu'a, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbar, saura rabi.

"Mama, Alhaji ya gaya mini. Ki riƙe, ke kika fi cancanta."

Na karɓa, na ji ɗuminta a tafin hannuna, na mayar mata.

"Taki ce, 'yata. A kwalba ƙamshin ba ya tashi. Ki dai riƙa shafawa in za ki shigo Daura."

Tana zuwa ranar kasuwa, ba kowane mako ba. Ina jin ta tun daga zaure.